Daga Busua zuwa Akra: yadda mata da miji za su bi gaɓar tekun Gana cikin kwana goma

Tsakanin Busua, ƙaramin garin masunta a yammacin Gana, da tsakiyar birnin Akra kusan kilomita 260 ne, kuma mafi yawan tafiyar a kan titi ɗaya ake yinta, wato N1, wanda ya taso daga Elubo a iyakar Kodebuwa ya bi gefen teku har Aflao a iyakar Togo. A taswira tafiyar rabin yini ce. A ƙasa kuwa, ranar da kuka zaɓa da sa'ar da kuka tashi su ke raba gardama: ko ku isa masauki da sauran ƙarfinku, ko ku isa bayan isha'i kowa ya ɗaure fuska. Saboda haka yawancin abin da ke tafe magana ce ta lokaci, sai kuma kuɗi, ruwan teku da abinci, domin a nan ne tafiyar ma'aurata ta fi samun tangarɗa.

Tsarin da ya fi dacewa shi ne ku wuce can ƙarshen yamma a tashi ɗaya, sannan ku riƙa dawowa gabas sannu a hankali, ku bar Akra a ƙarshe. Jirgin komawarku daga Akra zai tashi, kuma bai kamata a ce ranar tashi ta same ku da sa'a biyar ta mota a gabanku ba. Sayayya ma a Akra take, babu amfanin jan akwatin atamfa daga wannan gari zuwa wancan. A kwana goma, ku ba Akra daren isowa, Busua dare uku, Elmina ko Cape Coast dare uku, sauran ukun ku ƙarasa su a Akra. Wanda ke da mako ɗaya kawai ya bar Busua ya tsaya a Cape Coast. Matse zango uku cikin kwana bakwai zaman mota ne kawai.

Wata da takardu

Kudancin Gana damina biyu gare shi. Babbar tana farawa wajen Afrilu, ta yi ƙarfi a Yuni, ta sassauta a Yuli; ƙaramar tana zuwa tsakanin Satumba da Nuwamba. Yammacin gaɓar, musamman wajen Axim, shi ya fi ko'ina ruwan sama a ƙasar, alhali Akra ba ta samun ko rabin wannan. Ma'ana, a Yuni za ku iya barin Akra da rana tsaka ku tarar hanyoyin ƙasa na yamma sun zama taɓo. Agusta akwai sanyi-sanyi da hadari marar ruwa, teku kuma yakan yi fushi. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa Maris ne lokacin da ya fi, sai dai makonni biyun ƙarshen Disamba Akra cika take da baƙi 'yan hutu, kuɗin ɗaki ya hau, titi ya toshe. Janairu da Fabrairu sun fi sauƙi ga aljihu, ko da yake hazon hunturu yakan disashe sararin sama.

Ku duba kalandar bukukuwa kafin ku tsayar da rana. Bakatue na Elmina ana yinsa Talatar farko ta Yuli, Fetu Afahye na Cape Coast Asabar ɗin farko ta Satumba, Aboakyer na Winneba Asabar ɗin farko ta Mayu. Abin kallo ne sosai, amma a makon biki ɗaki yakan gagara sai ga wanda ya kama tun da wuri.

Mai fasfon Najeriya ba ya buƙatar biza, yana da kwana 90 a ƙarƙashin yarjejeniyar ECOWAS. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, don haka mai fasfon Nijar ya tuntuɓi ofishin jakadancin Gana kafin ya yanki tikiti. Katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa, wajibi ne ga kowannenku, kuma allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 da yinta. Idan uwargida na da juna biyu, a fara ganin likita kafin a yi maganar allurar, a kuma tambaye shi batun maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Daga Legas zuwa Akra tafiyar kusan sa'a ɗaya ce a jirgi. Ta ƙasa kuwa iyakoki uku za ku tsallaka, Seme da Hillacondji da Aflao, kuma yini guda cur yake tafiya. Ku mayar da agogo baya da sa'a ɗaya idan kun sauka.

Kuɗi da waya

Ku shigo da dala, sababbin takardu marasa yagewa ko rubutu, 'yan ɗari-ɗari da hamsin-hamsin, domin ƙananan takardu farashinsu ya fi faɗuwa. A filin jirgi ku canza abin da zai kai ku masauki kawai, sauran ku kai shagon canji mai lasisi a cikin gari. Kada ku dogara da katin banki na naira. Iyakar da bankuna ke sa masa a waje tana sauyawa, kuma yakan ƙi aiki daidai lokacin da ake buƙatarsa.

Kafin ku kama hanya, ku je ofishin MTN ko Telecel da fasfo ku yi rajistar layi, ku sa a buɗe muku asusun kuɗin waya, wanda kowa a can ke kira MoMo. Masu masauki, direbobi da 'yan kasuwa da yawa suna karɓa. Duk da haka takardar sidi, wato kuɗin Gana, ba ta da madadi a ƙauye. Takoradi ne wuri na ƙarshe da za ku dogara da na'urar cirar kuɗi, saboda haka ku riƙe abin da zai ishe ku kwana uku kafin ku wuce ta. Ku nemi 'yan biyar-biyar, goma-goma da ashirin-ashirin da yawa; mai sayar da kwakwa ba shi da canjin takardar 200. Ku raba kuɗin gida biyu, rabi wurin maigida rabi wurin uwargida, haka ma hoton fasfo da na katin shawara ya kasance a wayar kowa. Soket ɗin lantarki irin na Najeriya ne mai ƙafa uku, ba sai kun sayi komai ba.

Fita zuwa yamma

Daga Akra zuwa Takoradi kusan kilomita 225 ne, sa'a huɗu zuwa biyar idan hanya ta yi kyau. Akwai manyan bas irin na STC da VIP masu sanyi da kujera mai lamba, akwai kuma ƙananan bas daga tashar Kaneshie da ke tashi idan sun cika. Ga ma'aurata masu akwati babbar bas ta fi, kuma ta safe, wadda ke tashi kafin ƙarfe bakwai. Ku guji yammacin Juma'a da safiyar Asabar: a kudancin Gana Asabar ranar jana'iza ce, jama'a na kwarara daga birni zuwa garuruwansu, titin ya cika maƙil. Akwai jirgin sama daga Akra zuwa Takoradi, bai kai sa'a ɗaya ba; idan aljihu zai ɗauka, wannan ne zangon da ya cancanci a saye shi.

Daga Takoradi ana shiga trotro, wato ƙaramar bas ta haya, zuwa Agona Nkwanta, kusan kilomita 25, sannan tasi na haɗaka zuwa Busua, kusan kilomita 10. Mutum biyu da kaya gara su yi shatar tasi tun daga Takoradi. Direbobi na kiran shata "dropping", kuma idan kuka shiga tasi babu kowa ba ku tambaya ba, to a matsayin shata zai ɗauke ku. Ku tsayar da farashi kafin a sa akwati a but, ku tabbatar kuɗin na mutum biyu ne har da kaya, har ƙofar masauki. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara kuma duhu ba ya jira, don haka ku yi niyyar isa Busua kafin la'asar sakaliya. Tafiyar dare a N1 ba abin yi ba ce: mafi yawansa hannu ɗaya ne, manyan motoci na zuwa da dawowa daga tashar jiragen ruwa ta Takoradi, kuma wadda ta lalace a kan hanya sau da yawa ganye kawai ake zuba mata a matsayin alama.

Wajen zaɓen ɗaki, tambayoyi huɗu sun fi hoton da ke intanet amfani: akwai janareta kuma har ƙarfe nawa yake aiki, akwai gidan sauro ko raga a taga, kuɗin da aka faɗa har da haraji ne, sannan mene ne a maƙwabta. Ta ƙarshen nan kada ku raina ta. Mashaya mai lasifika ko coci mai kwanan addu'a daren Juma'a sun isa su hana ku runtsawa. Gishirin teku yana cin na'urar sanyaya ɗaki, don haka ku kunna ta ku jira minti biyar kafin ku biya. Ɗaki mai fanka da tagogi biyu masu kallon juna sau da yawa ya fi ɗaki mai na'urar da ba ta sanyi.

Teku

Wanda ya saba da kogi ko dam ya ajiye wannan sanin a gefe. Tekun Gini yana da ruwa mai ja, kuma yawancin gaɓar Gana ba ta da masu ceto. Busua ta yi suna ne domin bakin tekunta shimfiɗaɗɗe ne, ruwan ba ya zurfi farat ɗaya, kuma akwai masu koyar da hawan igiyar ruwa da suka san wurin ciki da bai. Duk da haka ƙa'idar ba ta canzawa.

Ruwan da raƙuman teku suka turo bakin gaɓa dole ya koma, kuma yakan tattaru ya koma ta wata siririyar hanya da gudun da gwanin iyo ma ba ya iya tsayayya da shi. Abin da ke yaudarar baƙo shi ne wannan hanyar ita ta fi kama da wurin lafiya: a nan raƙuman ba sa fashewa, ruwan ya fi duhu ko ya yi launin yashi, kumfa da tarkace suna tafiya waje maimakon su zo gaɓa. Ku tsaya a tudu minti goma ku kalli ruwan kafin ku shiga, ku tambayi masu koyarwar nan inda ake wanka a ranar, domin wurin yana sauyawa. Wanda bai iya iyo ba kada ruwa ya wuce masa gwiwa, wanda ya iya kada ya wuce ƙugu, kuma kada ku juya wa teku baya. Idan ruwan ya ja mutum, kada ya yi kokawar komawa kai tsaye; ya kwanta rigingine ya bar ruwan ya ɗauke shi, ya ɗaga hannu, in ƙarfin ja ya ragu ya yi iyo a gicciye, daidai da tsawon gaɓa, sannan ya nufo tudu. Wanda ke waje ya yi ihu ya kira masunta, ya jefa abin da ke yawo a ruwa kamar jarka, ya buga 112. Miji ya faɗa ruwa bin matarsa alhali bai iya iyo ba, haka ake rasa mutum biyu.

Batun sutura ma na tsaro ne. Zani, abaya ko doguwar rigar auduga suna shan ruwa su yi nauyi, su naɗe ƙafa. Uwargida ta tanadi dogon wando da riga mai dogon hannu na yadin roba marar nauyi, irin na motsa jiki, da ƙaramin hijabi mai kama kai, ta ajiye babban mayafi a gaɓa don fitowa. Masu son sirri su fito tsakanin ƙarfe shida da rabi da tara na safe a ranakun aiki. A lokacin daga ku sai masunta. Kada ku shiga tafkunan da ke bayan gaɓa ko wani ruwan daɗi da ke kwance, saboda tsargiya.

Kwana uku a Busua ba sa buƙatar dogon shiri. Dixcove na yamma da ita, tafiyar ƙafa ta kusan rabin sa'a, inda sansanin Metal Cross na Ingilishi ke kallon mashigar da kwale-kwale masu fenti suka cika. Butre na gabas, bayan tudu, da kangon sansanin Batenstein na mutanen Holan a kan dutse. Duka hanyoyin biyu ku bi su da ɗan rakiya daga masaukinku, da rana, ba tare da sarƙa ko babbar waya a hannu ba. Cape Three Points, ƙarshen kudancin ƙasar, hanyarsa ba ta da kyau, a damina a bar shi. Nzulezo, ƙauyen da aka gina a kan ruwa, ana shigarsa da kwale-kwale daga Beyin, kuma yini guda yake ci. Ku tashi da asuba, ku nemi rigar ceto kafin ku hau.

Ci da salla

A gaɓa kifi ne abincin, kuma shi ya fi kwanciyar hankali ga Musulmi. Gasasshen kifi da banku (tuwon masara da rogo mai tsami), ko soyayye da dokunu da barkono, ba su da abin tambaya. Dokunun mutanen Fante ana naɗe shi da ganyen agade, ya fi tsami. Na mutanen Ga a Akra da ɓawon masara, yana da gishiri. Inda ake taka-tsantsan shi ne miya. A gidajen abinci na gargajiya tukunya ɗaya takan haɗa nama iri-iri, har da ƙafar alade da naman daji, musamman miyar gyaɗa da ta kwakwar manja. Cewa a sa muku kifi kawai bai wadatar ba idan daga tukunyar aka ɗebo. Ku tambayi abin da aka dafa a cikinta. Ranar Talata masunta a yawancin garuruwan gaɓa ba sa fita, rana ce ta hutun teku da gyaran koma, saboda haka ɗanyen kifi yakan yi ƙaranci. Idan mai sayar da manyan jatan lande ya biyo ku a bakin ruwa, ku ga abin da ransa, a auna a gabanku, ku daidaita kuɗinsa da na dafuwa gaba ɗaya.

Shito, baƙin yajin nan da ake soyawa da mai da busasshen kifi, ku fara da kan cokali. Ruwan sha na gora ko na leda kawai, aƙalla lita uku ga kowane mutum a yini, domin gumin gaɓa ba ya bushewa a jiki, mutum ba ya lura da yawan ruwan da ya fita. Ku riƙe gishirin ORS leda shida, maganin zazzaɓi da man korar sauro. Zazzaɓi ya kama ɗayanku a yi gwajin jini a ranar; akwai asibitin Effia Nkwanta a Sekondi da asibitin koyarwa a Cape Coast.

Kusan kowane babban gari a hanyar nan yana da zango, kuma inda zango yake akwai masallaci, mahauci Musulmi, mai koko da ƙosai da safe, mai tsire da yamma, da wanda zai amsa muku sallama da Hausa. A Takoradi da Cape Coast tambaya ɗaya ta isa a nuna muku. A ƙananan ƙauyuka ku dogara da dardumarku. Alƙibla daga nan gabas ce mai karkata arewa, wajen digiri 64, kuma an yi dace gaɓar tun daga Cape Three Points har Akra kusan wannan layin take bi. Idan teku na hannun damanku kuna fuskantar wajen Akra, kun yi kusa da daidai. Sai dai a inda gaɓa ta lanƙwasa, kamar cikin mashigi, a duba da waya.

Elmina da Cape Coast

Daga Takoradi zuwa Cape Coast kusan kilomita 75 ne, Elmina kuma tana kilomita 12 kafin a kai. Ku sauka a ɗaya ku riƙa zuwa ɗayan da tasi. Masaukan da ke wajen gari sun fi tsabtar bakin ruwa. Na cikin gari ba wurin wanka ba ne, ga duwatsu ga ƙazanta.

'Yan Fotugal ne suka gina sansanin Elmina a 1482, mutanen Holan suka ƙwace shi a 1637, ya koma hannun Ingila a 1872. Na Cape Coast mutanen Suwidin suka fara shi a 1653, daga baya ya zama cibiyar mulkin Ingilishi har 1877 da aka mayar da babban birni Akra. UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya a 1979. Kada ku haɗa su rana ɗaya. Zagayen kowanne da ɗan jagora bai fi sa'a guda ba, amma abin da ake gani yana da nauyi, domin a nan aka riƙa tsare bayi kafin a tsallaka teku da su: a Cape Coast an gina wurin ibada a saman kurkukun maza, a Elmina barandar gwamna tana kallon tsakar gidan da ake tara mata. Ɗakunan duhu ne da zafi da ƙarancin iska, har yau akwai wani wari da bai fita ba, sannan ga ƙofar da ake fitar da mutane zuwa jirgi, wadda sai an sunkuya. Da yawa daga waɗanda suka bi ta nan daga arewa aka koro su, ta kasuwanni irin su Salaga, aka yi musu wankan ƙarshe a rafin Assin Manso. Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan tarihi, ta ko wane ɓangare. Ku je da safe wajen ƙarfe tara kafin motocin 'yan makaranta, ku rage murya, domin cikin ayarinku za a iya samun jikokin waɗanda aka tafi da su, sun zo daga Amurka ko Jamaika, wasu suna kuka. Mai ciwon asma ko mai tsoron matsatsin wuri ya gaya wa jagora ya tsaya kusa da ƙofa.

A bakin ƙofa samari za su tambayi sunanku cikin fara'a. Kafin ku fito sun rubuta shi a jikin ƙwaryar katantanwa, suna jiran kuɗi. In ba ku so, ku gaisa ku wuce ba tare da faɗin suna ba. Kuɗin shiga na baƙo ya fi na ɗan ƙasa, ku karɓi rasit. Bayan sansanin Elmina ku tsaya a kan gadar tafkin Benya ku kalli kwale-kwale na shigowa, sannan ku hau tudun St Jago, daga nan ake ganin garin duka. Kada a ɗauki hoton masunta ko mata masu ƙyafe kifi sai da izini.

Dajin Kakum na kusan kilomita 30 arewa da Cape Coast. Gadojin igiya bakwai ne aka ɗaura tsakanin manyan bishiyoyi, tsawonsu duka wajen mita 350, wasu sun kai mita 30 zuwa 40 daga ƙasa. Kafin a kai gare su akwai hawan tudu mai sa haki. A sa takalmi mai rufi da wando, a saki hannu biyu, a bar tazara tsakanin mutum da mutum domin tafiyar wani tana girgiza ta wani. Ku yi shatar tasi zuwa da dawowa har da jira, ku biya a ƙarshe. Ranar aiki da sassafe ta fi. Asabar layi ne.

Shiga Akra

Kilomita 145 ne daga Cape Coast, kuma talatin ɗin ƙarshe suna iya cin lokacin da ya kai na sauran duka. Maƙogwaron hanyar shi ne daga Buduburam zuwa Kasoa zuwa mahaɗar Mallam, inda dubban mutanen da ke kwana a wajen birni suke aiki a ciki ke bi kullum. Ku bar Cape Coast tsakanin bakwai da rabi da takwas na safe, Talata, Laraba ko Alhamis, ku ratsa Kasoa bayan goma, ku shiga masauki kafin azahar. Safiyar Litinin da yammacin Lahadi su ne mafi muni. Idan kuna son ƙarin dare a bakin ruwa, Anomabo ta fi Kokrobite natsuwa. Kokrobite a ƙarshen mako kiɗa ne har tsakar dare, kuma ba a barin kaya a yashi.

A Mallam hanya ta rabu. Ɗaya ta bi Lapaz zuwa Tetteh Quarshie, ita ce ta masu zuwa wajen filin jirgi, East Legon da Madina. Ɗayar ta miƙe Kaneshie, ta masu zuwa Adabraka, Osu da Nima. Ku san wadda ta shafe ku tun kafin ku iso, don kada ku shiga tsakiyar gari ku sake fitowa. A cikin birni Uber, Bolt da Yango suna aiki kuma sun raba ku da ciniki. Ku duba lambar mota kafin ku shiga.

Yankin Akra ya haura mutum miliyan biyar a ƙidayar 2021, kuma ba birnin da ake ratsawa sau biyu a yini ba ne. Ku kama ɗaki kusa da abin da kuka zo yi, ku ba kowace rana ɓangare ɗaya. Rana ɗaya ta tsohon gari: hubbaren Kwame Nkrumah, wanda aka gyara aka sake buɗewa a 2023, dandalin Black Star, sai Jamestown da hasumiyarta, inda ya fi kyau ku ɗauki ɗan unguwa ya zaga da ku. Rana ɗaya ta Nima da Maamobi, kuma ku yi ƙoƙari ta faɗo Juma'a, ku yi salla a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, mai ginin Turkawa, wanda aka buɗe a 2021, akwai kuma sashen mata. Ku isa da wuri, ku sauka nesa kaɗan ku ƙarasa da ƙafa. A nan za ku ci waakye na gaske, shinkafa da wake da aka dafa da karan dawa har ta yi ja, kuma kafin azahar yake ƙarewa wurin masu iyawa. Tuwon zafi da miyar ayoyo ma a nan yake. Sabon Zango, wanda Malam Baƙo ya kafa a farkon ƙarni na 20, yana yamma da tsakiyar gari ga mai son ganin tsohuwar unguwar Hausawa.

Ruwan sama mai ƙarfi ya tsuge kuna waje, ku tsaya inda kuke a kan tudu. Circle (shataletalen Kwame Nkrumah), Kaneshie, Alajo da duk inda rafin Odaw ya bi suna cika cikin ƙanƙanin lokaci. Ranar 3 ga Yunin 2015 ambaliya da gobarar gidan mai a Circle sun kashe mutum fiye da 150, da yawansu masu fakewa ne. Kada ku taka ruwa mai gudu a titi, kwatocin Akra manya ne kuma a buɗe.

Kasuwar Makola ku bar ta sai ranar ƙarshe, da safe, da 'yar jaka a gaba da kuɗi a rarrabe. Ana sayar da atamfa yadi 12 a matsayin cikakkiya, yadi 6 a matsayin rabi, don haka turmin da uwargida ta saba da shi rabi ne a bakinsu. A fayyace yadi nawa kafin a yi ciniki. Atamfofin GTP da Woodin na da jabu da yawa, a duba rubutun gefen yadi da tambarin kamfani, in kuma ana son tabbas a je shagon kamfanin. Kente saƙar hannu siraran ƙyallaye ne da aka ɗinke, ana ganin ɗinkin ta baya. Wanda babu ɗinki bugun inji ne, kuɗinsa kuma bai kamata ya kusanci na saƙa ba.

Shito, man kaɗe da duk abin da ke da ruwa ko maiƙo a naɗe su cikin leda biyu a sa a akwatin awo, domin ba za su wuce bincike a jakar hannu ba. Ragowar sidi ku mayar da shi dala a shagon canji kafin ku nufi filin jirgi, ku bar na tasi kawai, ku kuma cire abin da ya saura a MoMo. Filin jirgin a cikin gari yake, amma daga Osu ko Nima tsakanin huɗu da bakwai na yamma tafiyar minti ashirin takan zama sa'a guda, saboda haka mai jirgin dare ya bar masauki sa'a huɗu kafin tashi.